Saura shekara 3 in yi ritaya: in kwashe kuɗin fanshona in ba mai juyawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Sakkwato, saura shekara 3 in cika 35 a bakin aiki. Mata biyu, 'ya'ya tara, huɗu ba su gama sakandare ba, kuma har yau gidan haya nake a Mabera, sai fili da na kewaye ban ɗora komai ba. Maganar ritaya tana hana ni barci, don na ga yadda waɗanda suka riga ni suka koma. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani yaro mai harkar albasa, in ka ba shi miliyan 1 yana ba ka dubu 100 duk wata, uwar kuɗinka na nan, kuma ya ce ƙiradi ne, ba ruwa ba. Akwai kuma wanda ya ce zai fitar mini da kuɗina duka daga kamfanin fansho in na ba shi kasonsa. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai mu lokacin da rai da lafiya.

Mai cewa zai fitar maka da kuɗi duka, maganarsa gajera ce. Dokar fansho ta 2014 ba ta bar wannan ƙofa ba, sai ga wanda abin da ya tara bai taka kara ya karya ba. Kai kam za a duba abin da ke asusunka, shekarunka da albashinka na ƙarshe, a ware maka dunƙulen kuɗi, sauran a riƙa biyanka wata-wata. Kuɗin ma ba a hannun kamfanin fanshon suke ba, suna wurin kamfanin ajiya daban. Don haka ɗayan biyu ne: ko ya karɓi kuɗin "bin takarda" ya kashe waya, ko ya haɗa takardar bogi da sunanka, ranar da ta fashe kai za a nema.

Yaron albasa shi ne abin tsoro, kuma wallahi na gaji da jin labarinsa. Fuska ce kawai ke canzawa. Yau albasa, gobe canji, jibi kirifto ko shinkafa. Ka ɗauki biro mu yi lissafi. Dubu 100 a kan miliyan 1 kashi 10 cikin 100 ke nan a wata, kashi 120 a shekara. In ka bar ribar tana hawa kan uwar kuɗi, miliyan ɗayanka ya wuce miliyan 3 cikin wata 12. Mutumin da ke da sana'a mai irin wannan riba, me zai kawo shi wurin ɗan fansho? Ko banki ya ba shi bashi da ruwan kashi 35 a shekara ya fi masa araha nesa ba kusa ba. Ya zo wurinka ne don banki zai nemi ganin littafin cinikinsa, kai kuwa ba za ka nema ba, saboda kunyar abokinka da ya kawo shi.

Sannan kai Basakkwace ne, ka san albasa. Ana saye da arha lokacin da ake cire ta a fadamun Wurno, Goronyo da Kware, a zuba a rumbu, a yi watanni ana jiran ta yi tsada. A cikin jiran nan wata ta ruɓe, wata ta tsira, nauyi ya ragu. Wata shekarar a ci riba mai kyau, wata shekarar mota ta kwana biyu a hanyar Kudu kaya su lalace. Ribarta sau ɗaya take zuwa a shekara, in ta zo. To daga ina dubu 100 ke fitowa kowane ƙarshen wata, rani da damina, ba ragi ba ƙari? Daga cikin miliyan ɗayanka, da na wanda ya shigo bayanka. Wata huɗu ko biyar zai biya ka a kan lokaci, har ya kira ka ya ce "Baba ka ga alat?" Daɗi ya kama ka, ka sayar da filin ka ƙara masa, ka jawo surukinka. Daga nan sai a fara jin kaya sun maƙale a Illela, banki ya riƙe asusu, a ƙara haƙuri. Haka tsare-tsaren zuba kuɗi na damfara suka yi da mutane, MMM a Disamban 2016, CBEX a Afrilun 2025, kuma na cikin unguwa da ba su da suna a jarida sun fi su yawa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rawanin da ake naɗa wa abin. Ka tafi wurin duk malamin da ya karanta babin ƙiradi ka tambaye shi. Ƙiradi shi ne ka ba da dukiya, wani ya ba da ƙarfinsa, ku raba ribar da aka samu bisa kason da kuka yanke, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku. In an faɗi ba tare da sakacinsa ba, dukiyarka ce ta tafi, shi kuma wahalarsa. Da zarar an yanke maka adadin da za ka karɓa duk wata, aka kuma lamunce maka uwar kuɗi, an fita daga ƙiradi, an koma bashin da ya jawo amfani. Wato mutumin da ya ƙi ajiya mai ruwa a banki don tsoron Allah, sai ga shi ya faɗa cikin abin da ya guda, ga asara a kai. Cewa yaron yana sahun gaba a masallaci ba hujja ba ce. Ka tambaye shi rajistarsa da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, domin takardar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da suke nunawa shaidar rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba.

In gudun ruwa ne damuwarka, akwai hanya a fili. Tun 2021 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe Asusu na 6 wanda ba ya hulɗa da ruwa, kana iya rubuta wa kamfaninka a mayar da kai can. Akwai kuma sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017. Ribarsu ba za ta burge ka ba, har ma tsadar kaya kan wuce ta, don a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Amma dai kuɗinka suna inda ka san su.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shekara ukun nan su ne jarinka. Wannan makon ka karɓi bayanin asusunka, ka duba ko kashi 8 cikin 100 na albashinka da kashi 10 na gwamnati suna shiga kowane wata. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil ɗin ofis, a NIN da wurin kamfanin fansho. Harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Muhammadu ya isa ya sa dattijo zarya wata da watanni, kuma babu wanda zai ji tausayin gwiwarsa. Tunda ka kama aiki kafin 2004, kana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba maka, don haka kada tantancewar da ake yi wa masu shirin ritaya ta wuce ka. An sha ganin waɗanda suka daɗe suna jiran wannan kuɗi, saboda haka ka tara abincin aƙalla wata shida a gefe.

Filin nan ka fara ɗora masa bulo, ko ɗaki uku ne ka rufa, domin fansho da kuɗin haya ba sa zama lafiya. Sana'a kuma ka gwada ta yanzu da ɗan abin da in ya tafi ba za ka kwanta asibiti ba. Doka ta yarje wa ma'aikaci noma, to ka ɗaure raguna huɗu ko biyar a gida zuwa babbar Sallah, ka rubuta kuɗin dusa, harawa da magani, ka ga abin da ya rage da idonka. A gida na ce, ba a ruga ba, ka san halin da gabashin jihar nan ke ciki.

Sai maganar da ba a so. Ranar da dunƙulen kuɗin nan ya shigo za ka ga 'yan'uwan da ka manta da su. Mai auren 'ya, mai neman jari, mai cewa ai Alhaji ya kamata a sake mota ko a leƙa Umara. Zumunci wajibi ne, amma ciyar da yaran nan huɗu da karatunsu ya fi zama dole a kanka, kuma su za a tambaye ka. Tun yanzu ka sa kamfaninka ya ƙiyasta maka abin da za ka riƙa karɓa a wata, ka zaunar da uwargida da amarya da manyan 'ya'yanka ka faɗa musu adadin, a fara gwada cefane da shi kana kan albashi.