Tambaya da Amsa: Ibadar Wanda Ciwo Ya Kwantar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu ke nan ina kwance bayan hatsarin mota, an ɗaure mini ƙafa, an kuma sa mini robar fitsari. Na ajiye salla sai na warke in rama. Ga zuciyata ta yi nauyi, ko addu'a ba na iya yi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ajiye sallar nan kuskure ne, ɗan'uwa. Muddin kana cikin hayyacinka, salla ba ta sauka daga kanka, siffarta ce kawai ke sauyawa. Abin da Annabi (SAW) ya ce wa Imrana bin Husaini ke nan sa'ad da basir ya dame shi: ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito.

Fara da tsarki. In za a iya kawo maka ruwa, yi alwala, ka shafa jiƙaƙƙen hannu a kan ɗaurin in ya rufe gurbin wankewa. In ruwan zai cutar da kai, ko babu mai miƙo maka, sai taimama (Ma'ida, aya ta 6). A ajiye maka dutse mai tsabta kusa da matashin kai. Lokaci ya shiga, ka yi niyya, ka ɗora tafukanka a kai ka shafi fuska, ka sake ɗorawa ka shafi hannaye zuwa gwiwar hannu. A mazhabar Malikiyya kowace farilla da taimamarta. Fitsarin da ke zuba a robar kuwa yoyo ne da ba ka da iko a kansa, ba ya karya maka alwala.

In zama ya gagara, kwanta a gefen dama kana fuskantar alƙibla, ko rigingine ƙafafunka na wajenta. Ruku'u da sujada da nunin kai ne, na sujada ya fi yin ƙasa. Kada a ɗago maka matashi zuwa goshi, da yawa masu jinya na yin haka cikin rashin sani. In tashi sau biyar na wahalar da kai, jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta, ka bi ta da la'asar a farkon nata.

Sallolin wata biyun nan bashi ne, kusan 300. Fara biya yau, gwargwadon ƙarfinka, ko biyar biyar a rana.

Nauyin zuciya kuma ba alamar imani ya tafi ba ne, Annabi da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kada ka ɗora wa kanka dogon wuridi ka gaji a kwana uku. Riƙe addu'ar Annabi Yunusa a cikin kifi (Anbiya, aya ta 87): "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin." Nafilfilin da ka saba yi da lafiyarka, ana rubuta maka ladansu kana kwance, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Musa. Ciwon kuma ka gaya wa likita yadda yake, wannan ba ya cikin ƙorafin da ke rushe haƙuri.