Me Ya Sa Manhaja Ke Rikicewa Idan An Gauraya Turanci Da Mandarin?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Gusau, ina sayo kayan gyaran waya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Abokan cinikina kan aiko saƙon murya suna haɗa Turanci da Mandarin, wato babban harshen Sinawa, a jimla guda, amma manhajar da ke mayar da murya rubutu sai ta ɓata maganar. Mene ne dalili, kuma ana gyara abin?
Daga wani mai karatu, Gusau.

Amsa: Alhaji, tushen matsalar shi ne yawancin waɗannan manhajoji an gina su bisa zaton mutum zai yi magana da harshe ɗaya. Misali, manhajar Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 bayan horar da ita da sauti na awa 680,000, takan tantance harshe ɗaya daga daƙiƙa 30 na farko, ta riƙe shi. Idan ta yanke cewa Mandarin ake yi, kalmar Turancin da ta faɗo a tsakiya takan koma wata kalmar Sinanci mai kama da ita a kunne. Ga kuma karin sauti huɗu na Mandarin da ke canza ma'ana, kamar yadda karin sauti ke yi a Hausa, alhali Turanci bai dogara da shi ba.

Gyara kuwa ana yi, kuma a ganina mafi amfaninsa shi ne tattara hirar mutane ta zahiri. Masu bincike a Singafo da Malesiya, inda gauraya harsunan biyu ya zama ruwan dare, sun naɗi irin wannan hira suka tara ta a rumbun SEAME, wanda har yau ake auna sababbin manhajoji da shi. Da yake irin wannan sauti ya yi ƙaranci, wasu kan yanko guntayen Turanci da na Mandarin su ɗinka su, ko da yake maganar ba ta fita kamar ta baki. Wasu kuma suna koya wa na'ura ta gane harshe kalma bayan kalma, maimakon sau ɗaya tak.

Kafin gyaran ya iso wayarka, ka roƙi abokan cinikinka su rubuto farashi da lambar kaya a rubuce. Ka kuma tambaye su ko Mandarin suke yi, domin mutanen Guangzhou da dama Kantonis ne harshensu, wani harshen Sinawa da ya bambanta da Mandarin, kuma sai an zaɓe shi daban a manhajar.