Kujerar lilo ta gwanjo: da gaske ta shekara ɗari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wata kujerar lilo a wurin masu kayan gwanjo na Turai. Katakonta zagayayye ne kamar sanda, an lanƙwasa shi ya nannaɗe a gefe biyu kamar dodon-koɗi, mazauninta da wurin jingina kuma saƙa ce mai ƙananan huda. Mai sayarwa ya rantse mini ta haura shekara ɗari. Ɗana kuma ya ce ya gani a intanet wai Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, shi ne ya ƙirƙiro irin wannan kujera. Ina son sanin asalinta, da yadda zan gane ko tsohuwa ce, domin ina shirin ba kafinta ya goge ta ya yi mata fenti. Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, ki ce wa kafintan ya dakata tukuna.

Batun Franklin labari ne da ya daɗe yana yawo, amma babu wata hujja da ta nuna shi ya ƙirƙiro ta. Tun kafin a san kujerar lilo, Turawa suna da gadon jarirai mai lanƙwasassun katako biyu a ƙarƙashi, uwa tana tura shi da ƙafa tana aikinta. A ƙarni na 18 ne kafintoci a Ingila da yankunan da suka zama Amurka suka fara ɗaukar wannan dabara suna maƙala wa kujerun gida na yau da kullum. Amurkawa ne suka rungume ta hannu bibbiyu, har baƙin da suka je daga Turai a ƙarni na 19 suka riƙa mamakin yadda manya ke zaune suna rausaya kamar yara.

A can aka sami salo iri-iri. Akwai wadda ake kira ta Boston, wadda ta yi tashe daga wajen 1830: bayanta dogayen siraran sanduna, mazauninta katako ne da ya murɗe sama ta baya ya sauko ta gaba, allon da ke saman kai kuma an zana masa furanni da 'ya'yan itace da ruwan zinari a kan baƙin fenti. Akwai ta 'yan Shaker, wata ƙungiyar addinin Kirista da ke ƙin ado. Kujerunsu na Mount Lebanon a jihar New York ba nauyi, bayansu kamar tsani, mazauninsu saƙar ƙyalle, suna da lambar girma daga 0 zuwa 7. Ni a wurina ba a yi kujerar lilo da ta kai su tsabtar aiki ba. Daga shekarun 1870 aka shigo da mai sifirin, wadda gindinta ke zaune daram a ƙasa sama kawai ke motsi, don kada ta ci kafet ko ta take wa yaro yatsa. Wajen 1900 kuma wani mai ƙera kayan katako Ba'amurke, Gustav Stickley, ya zo da masu kaurin katako, miƙaƙƙu, da mazaunin fata. A kan kujerar lilo aka harbi shugaban Amurka Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford ranar 14 ga Afrilu 1865, kuma kujerar tana nan a gidan tarihi na Henry Ford a jihar Michigan. Shi kuwa shugaba Kennedy, likitarsa Janet Travell ce ta sa shi zama a kanta saboda ciwon baya.

Taki ba ta cikin waɗannan. Yadda kika kwatanta ta, salon Michael Thonet ce, wani kafinta Bajamushe da aka haifa a garin Boppard a 1796, ya koma Vienna ta ƙasar Austiriya ya kafa kamfani da 'ya'yansa. Dabararsa ita ce turara katako. Ana fere itacen da ake kira beech ya zama doguwar sanda, a sa shi a tururi mai zafi har ya yi laushi, sai ma'aikata su ɗaura masa faffaɗan ƙarfe ta bayan wurin da zai lanƙwashe don kada ya tsage, su murɗa shi cikin ƙirar ƙarfe, a bar shi ya bushe a haka. Mu dai mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa Thonet ya gano yadda za a mayar da busasshe ɗanye na ɗan lokaci. A 1859 ya fitar da kujerarsa mai lamba 14, wadda ake haɗawa da katako shida da sukuru goma, ana iya cusa guda 36 a wargaje cikin akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe. A 1860 kujerar lilonsa ta farko ta biyo baya, mai wannan nannaɗewar da kika gani.

To ga inda gizo ke saƙa. Siffar kujera tana gaya miki salonta ne kawai, ba ta gaya miki shekarunta. A 1869 kariyar da doka ta ba Thonet kan dabararsa ta ƙare, wasu kamfanoni irin su Jacob da Josef Kohn suka shiga yin irinta. Daga nan har yau ba a daina ba. A shekarun 1970 salon ya sake tashe, aka yi kwaikwayonsa tuli, kuma ina kyautata zaton yawancin waɗanda ke zuwa mana cikin kwantena 'yan wannan zamanin ne. Masu harkar tsofaffin kaya ba sa kiran abu tsohon gaske sai ya cika shekara 100, kenan a yanzu sai wadda aka ƙera tun tsakiyar shekarun 1920 ko kafin haka. Mai gwanjo kuwa, ko ba ƙarya yake yi da gangan ba, abin da aka gaya masa yake maimaitawa.

Ki shimfiɗa tabarma, ki kifa kujerar, ki ɗauko tocila. Ki fara duba cikin zoben katakon da ya kewaye mazauni. Thonet da Kohn suna manna takarda mai sunansu a nan, ko su buga sunan a jikin katakon. Idan kika ga an rubuta cewa a Czechoslovakia aka yi ta, ba za ta riga 1918 ba, domin a shekarar aka kafa ƙasar. Sai ki dubi kan sukuru. Mai tsaga ɗaya miƙaƙƙiya shi ne tsohon yayi. Mai tsaga biyu da suka gicciya kamar alamar tarawa bai yaɗu ba sai shekarun 1930, don haka in duk sukurun kujerar irinsa ne, rantsuwar mai sayarwa ta sha ruwa. Ɗaya ko biyu kawai na iya zama gyaran baya.

Saƙar ma tana magana. Wadda aka yi da hannu, za ki ga jerin ƙananan ramuka sun kewaye katakon, zaren saƙar yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa, da ƙulle-ƙulle a ƙarƙashi. Wadda inji ya saƙa, shimfiɗa ta ake yi a cusa bakinta cikin wani siririn rami a danne da igiyar kara, ƙarƙashin katakon kuwa sumul. Daga ƙarshe ki shafa tafin hannu a ƙasan katako biyun da ke lilo. Na tsohuwa ya ci ƙasa, tsakiyarsa ta ɗan baje, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, saboda babu mai zama daidai wa daida shekara da shekaru. Wurin ɗora hannu shi ma zai yi santsi da duhu a daidai inda tafi ke sauka. Katakon kansa ki bi shi da ido: na asali sanda ɗaya ce tana siranta tana kauri a hankali, na araha kuma za ki ga layi-layi a gefensa, alamar siraran falle ne aka manna da gam.

Fenti kuwa ban goyi baya ba. Na taɓa ganin wata irin taki da aka bi da samfefa aka shafe da farin fenti mai sheƙi don ta dace da kayan ɗakin amarya, takardar kamfanin ma an kankare ta. In tsohuwa ce, wannan duhun da shekaru suka ba katakon shi masu saye ke biya, kuma in ya tafi ba ya dawowa. Ki goge ta da tsumma mai ɗan danshi, ta bushe, ki shafa mata kakin zuma kaɗan ki murza. Babban abokin gabarta a wurinmu hunturu ne: busasshiyar iska tana sa sukuru su saki, saƙar ta yi ƙamas ta karye. Kada ki bar ta a rana ko gaban na'urar sanyaya ɗaki, ki riƙa ɗan jiƙa ƙarƙashin saƙar lokaci-lokaci, kada kuma yara su durƙusa a kai da gwiwa. In kika ga ƙananan huda a katakon da gari mai laushi yana zuba, ƙwaro ne a ciki, sai ki raba ta da sauran kayan katako har a yi mata magani.

Idan kin duba kin ga 'yar shekarun 1970 ce, ki yi mata fentin da ranki ke so. In kuma kin ga takarda ko tambari a ƙarƙashi, ki ɗauki hotonsa da na sukurun ki turo mini.