Turbo a Motar Lodi: Amsa ga Manoma Masu Motar Gas

Tambaya: Wani manomin dankalin Turawa daga Bokkos a Jihar Filato ya ce yana da Canter mai injin 4D33, marar turbo. In ya ɗauko taki ya iso Hawan Kibo, sai ta koma giya ɗaya, da ƙyar take motsi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Bakanikensa ya ce a ɗaura mata turbo. Ya yarda?

Amsa: Malam, bakaniken ya gano ciwon, maganin ne nake da ja a kai. Baƙin hayaƙi gas ne da bai samu isasshiyar iskar ƙonewa ba. Ga shi ƙasarku tudu ce. Jos kaɗai tana kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 100. Aikin turbo irin na zugazugin maƙeri ne: hayaƙin da ke fita ya juya fanka ɗaya, ita kuma ta juya ta biyu mai cusa iska cikin injin.

Sai dai injin da aka ƙera don turbo daban yake tun daga ciki. Akan rage masa matsin fistan, a sa bututun da ke feso baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi, a saita famfon gas daidai da iskar. Naka ba a shirya shi da wannan zafin ba. Zai yi ta ja kamar sabo na ɗan lokaci, daga nan gaskit ya ƙone ko fistan ya tsage, kuma ba a gareji abin zai same ka ba, a kan hanya ne da lodi. In ma injin ya riga ya fara shan baƙin mai, to kada ka kusanci maganar.

Kafin ka kashe ko sisi, a duba iyakilina, wato matatar iskar injin, a gwada nozul masu fesa gas, a duba saitin famfo. Sau da yawa ƙarfin da ake nema a nan ya maƙale. In an yi wannan bai wadatar ba, tara kuɗi ka sa cikakken injin 4D34T mai lita 3.9, wanda kamfanin Mitsubishi ya fito da shi da turbonsa. Haka nake ce wa masu tsohuwar Mercedes 911 mai injin OM352: akwai ɗan'uwansa OM352A mai turbo, shi ake nema. Kuma fa ka rage lodi. Turbo ba ya ƙara wa birki ƙarfi a gangara.

Tambaya: Mai jigilar tumatir daga Kadawa zuwa Legas ya ce turbon motarsa ya mutu, a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an nuna masa wani da ya fi nasa girma, wai zai fi ja.

Amsa: Alhaji, girman ne matsalar. Babban turbo sai injin ya sha wuta sosai kafin hayaƙi ya iya juya shi. Kai kuwa inda kake buƙatar ƙarfi shi ne wajen tashi da cikakken lodi, ko fita daga lakar gona, lokacin da injin ke ƙasa-ƙasa. A nan babban zai bar ka kana taka totur, mota na hayaƙi ba ta amsawa. Ƙarami fiye da kima kuma yakan shaƙe injin a doguwar tafiya, zafin hayaƙi ya hau. Kowane turbo, na Garrett ne ko Holset ko IHI, yana da ɗan faranti mai lamba a jikinsa. Ɗauki hoton lambar, ko ka tafi da tsohon a hannu, a ba ka irinsa sak. In akwai zaɓi, ɗauki mai bawul ɗin da ke sakin hayaƙi idan matsi ya yi yawa, ka bar irin na zamani mai fukafukai masu motsi da kwamfuta ke sarrafawa, sai fa in da shi motar ta zo. Toka na maƙale fukafukan, masu gyaransa kuma ba a kowane gari suke ba, tumatir kuwa ba ya jiran bakanike.

Tambaya: Wane turbo za a saya, ɗan Beljiyom ko sabo mai araha?

Amsa: Ɗan Beljiyom na asali mai lafiya ya fi sabon da ba a san maƙerinsa ba. Kama sandar tsakiya da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, muddin fanka ba ta taɓa jikin gidanta. In tana motsi gaba da baya, ko bakin fankar ya gutsure, ko gidan hayaƙin ya tsage, ajiye masa kayansa.

Tambaya: Wani manomin albasa daga Aliero ya ce turbo biyu ya canza, duk sun mutu.

Amsa: To ba turbon ba ne, Malam, akwai abin da ke kashe shi. Sandarsa na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a kan siririn baƙin mai kawai take yawo. Dattin mai ko toshewar bututun da ke kai masa mai sun isa su gama da shi, don haka duk ranar da aka sa sabo a wanke bututun ko a canza shi, a juye mai, a sa sabuwar filta, a ɗura mai a bakin turbon kafin a tayar. Sai ƙurar hunturu. Yaran mota kan cire iyakilina su buga ta a taya, takardar ta yage, yashi ya shiga ya cinye fanka. A sa sabuwa, a matse duk robobin iska. Ka kuma gaya wa direbanka, in ya tayar da safe kada ya ba ta wuta nan take, in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar ta tana sulo minti 2 zuwa 3 kafin ya kashe, don man da ke cikin turbon kada ya ƙone ya daskare a kan sandar.