Tambaya da Amsa: Tsohuwar Prado ko RAV4 mai sauran ƙarfi ga mazaunin Tawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Tawa ne, ina da mata da yara uku, kuma aikina yana kai ni Yamai kusan sau ɗaya a wata. Mahaifiyata tana ƙauyenmu can bayan Keita, nakan je gaishe ta da salla da lokacin kaka, wani lokaci kuma da damina idan lalura ta taso. Kuɗin da na tara za su iya saya mini RAV4 wadda ba ta tsufa sosai ba, ko kuma Prado da ta girme ta da kusan shekara 10. Abokaina sun ce mutumin Adar ba ya sayen ƙaramar mota. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kuma sa albarka a abin da ka tara. Bisa yadda ka bayyana zirga-zirgarka, shawarata ita ce ka sayi RAV4, da sharaɗin ta kasance mai jan ƙafa huɗu. Amma ba na so ka karɓi wannan magana don kawai ni na faɗa, domin maganar abokanka tana da tushe, kuma ya kamata ka san inda ta yi daidai da inda ba ta shafe ka ba.

A bakin mutanenmu duk mota mai tsayi kat-kat ce, wato mai jan ƙafa huɗu, alhali iri biyu ne da ƙirarsu ta bambanta tun daga ƙasa. Prado da Land Cruiser da Hilux da Nissan Patrol an gina su ne a kan shasi na ƙarfe mai kama da tsani a kwance, sannan aka ɗora gangar jikin motar a kai aka ɗaure. Idan motar ta hau gargada ko ta karkace a bakin kwazazzabo, wannan tsanin ne ke shan wahalar. Ita kuwa RAV4, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1994, da takwarorinta irin su Honda CR-V da Hyundai Tucson, jikinsu da shasinsu abu ɗaya ne kamar na ƙaramar motar gida, an dai ɗaga su sama an ƙara musu fili. Wannan ƙira ta sa ba su da nauyi, ba su da shan mai, kuma sun fi daɗin tuƙi a kwalta. Prado tana wajen tan 2 ko sama da haka tun kafin a ɗora mata kaya, RAV4 kuwa tana wajen tan 1 da rabi ko sama da haka kaɗan.

Bambanci na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci, kuma shi ne masu saye suka fi mantawa da shi. Kat-kat ta daji tana da ƙaramin bitesi, wato giyar ƙarfi, wanda za ka ga an rubuta masa L4 a kan sanda ko maɓalli. Idan aka sa shi, gudun motar yana raguwa, ƙarfin da ke isa ga tayoyi kuma yana ninkawa kusan sau biyu da rabi, ta yadda za ta iya hawa gangaren ƙorama ko ta ratsa yashi mai zurfi a hankali ba tare da an ƙona inji ba. RAV4 ba ta da wannan ko kaɗan. A tafiyar yau da kullum tayoyin gaba ne ke jan ta, sai idan sun fara sulɓi wata na'ura ta tura wani kaso na ƙarfin zuwa baya. Samfurin da aka yi daga 2006 zuwa 2012 yana da maɓallin da ke tilasta wa ƙafafun baya su yi aiki, amma yana sakin kansa da zarar gudu ya wuce kilomita 40 a awa, domin an yi shi ne don fitar da mota daga ɗan wuri mai wuya. Wanda ya shiga da ita yashin Azawak ya yi ta matsa mata na tsawon lokaci, na'urar za ta yi zafi ta daina tura ƙarfi baya, motar ta kafe.

Mutane sukan ɗauka tsayi daga ƙasa ne ya raba su, alhali tazarar ba ta da yawa: RAV4 tana da wajen santimita 19, Prado kuma 21 zuwa 22. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne abin da ke ƙarƙashin cikin. Prado tana da farantan ƙarfe da ke kare inji da tankin mai, gatarin bayanta kuma sanda ɗaya ce mai kauri, yayin da mafi yawan abin da ke rufe cikin RAV4 roba ce. Dutse ɗaya a hanyoyin Keita ko Buza yana iya fasa kaskon man inji, kuma duk wanda ya san ƙasar Adar ya san duwatsunta ba sa ƙarewa.

To, idan haka ne, me ya sa na ce ka sayi RAV4? Saboda lissafin kwanakinka ne ya nuna haka. Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso kusan kilomita 550 ne, duk kwalta, wato zuwa da dawowa 1,100. A irin wannan tafiya RAV4 mai lafiya takan sha kimanin lita 9 a kowane kilomita 100, Prado mai injin esansi V6 kuma takan kai 14, musamman idan ta tsufa kuma na'urar sanyaya ciki tana aiki tun safe. Bambancin ya kai lita 55 a kowace tafiya, a shekara kuma ya haura lita 600, ban da yawon cikin gari da kai yara makaranta. Tayoyin Prado sun fi girma da tsada, man juyenta ya fi yawa, kuma kuɗin binyet, wato harajin mota na shekara, da na inshora suna hawa ne gwargwadon ƙarfin dokin da aka rubuta a takardar mota. Duk wannan za ka riƙa biyan shi wata 12 saboda hanyar da kake bi sau huɗu ko biyar a shekara, kuma mafi yawan waɗannan tafiye-tafiyen da rani ne ko da kaka, lokacin da ƙoramu suka bushe.

Akwai kuma batun shekaru, wanda a ganina ya fi batun mai nauyi. Da a ce kana zaɓe ne tsakanin motoci biyu masu shekaru ɗaya, da amsar ta fi wuya. Amma Prado da farashinta ya sauko har ya yi daidai da na RAV4 mai sauran ƙarfi, akwai dalilin saukarsa. Irin waɗannan motoci da yawa sun yi aikin ƙungiyoyi ko ma'aikatu a daji shekara da shekaru kafin a yi gwanjonsu, kuma ƙarfin shasi ba ya hana robobin ƙafa da allurorin mai da akwatin bitesi gajiya. Na sha ganin magidanci ya zuba duk abin da ya mallaka a babbar mota, bayan wata shida ya rasa kuɗin gyaran famfon gazuwal, motar ta kwanta a ƙofar gida rana tana cin fentinta. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin galibi ba girman kai ne ya kai shi ba, shawarar masoya ce da ba a haɗa ta da lissafi ba. Ga iyali kuma akwai maganar tsaro a hanya: mota mai tsayi da nauyi ta fi saurin kifewa idan direba ya kauce wa jaki ko rami da gudu, kuma tsofaffin samfura da yawa ba su da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa.

Inda maganar abokanka ta yi daidai shi ne idan rayuwarka ta sauya. Wanda aikinsa ke kai shi Cintabaraden ko rugagen da ke bayan Abalak kowane mako, ko mai ɗauko buhunan albasa daga cikin fadama, ko wanda dole ya isa ƙauye a watan Agusta ko da an kwana ana ruwa, wannan kada ya sayi RAV4, domin zai kashe ta cikin shekara biyu. A gare shi ma ba Prado zan fara ambata ba, Hilux mai ƙofa huɗu ce, ko Land Cruiser samfurin 70 da ake ƙerawa tun 1984, musamman mai injin gazuwal 1HZ na lita 4.2, wanda ba shi da tarkacen lantarki kuma makanikan Tawa da Agadas sun san shi ciki da waje. Kai kuwa, ranar da lalura ta taso da damina, kuɗin hayar Hilux na kwana biyu bai kai abin da za ka tsimi a mai na ƴan watanni ba. Kuma ina roƙonka ka riƙe wannan ko wace mota kake ciki: ƙoramar da ke gudu ba a shiga ta. Ruwan da ya kai gwiwa yana iya ɗaga mota ya tafi da ita, ko Land Cruiser ce, alhali ƙoramun Adar sukan janye bayan ƴan awoyi idan aka yi haƙuri a bakin gaɓa.

Idan ka je sayen RAV4 ɗin, kada ka dogara da rubutun da ke bayanta ko da bakin dillali. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka tayoyin gaba kawai ke jan su, kuma daga waje ba a bambanta su. Ka sa a hau da ita kan ramin garaji, makanikinka ya duba ko akwai sandar da ta taso daga inji zuwa ƙafafun baya, domin wasu ma ana cire musu ita idan ta lalace a sayar da motar a haka. A nan ne kuma za a ga tsatsa, wadda ta yi yawa a motocin ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, da alamar walda idan motar ta taɓa yin hatsari. Ka zaɓi mai esansi, domin injinan gazuwal na Turai na baya-bayan nan suna da matatar hayaƙi da allurori masu saurin lalacewa idan mai bai da tsabta. Ka kuma tabbatar takardun duwan, wato kwastan, sun cika kuma lambar shasi ta yi daidai da abin da ke rubuce.

Kada ka kashe kuɗin duka a kan sayen. Ka rage abin da zai ishe ka sa mata tayoyi huɗu masu kaurin gefe irin na hanyar tsakuwa, a ƙera mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, ka kuma sami tayar ajiya cikakkiya da ƙaramin famfon iska da shebur da igiyar ja. Idan ka iso wurin yashi a hanyar ƙauye, ka rage iskar tayoyi zuwa wajen bar 1.5, ka wuce da gudu matsakaici ba tare da tsayawa a tsakiya ba, sannan ka mayar da iskar kafin ka hau duwatsu ko kwalta. Matatar iska kuma a riƙa duba ta a kowane juyen mai, da hunturu ma fiye da haka, saboda ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu.