Rauta biyu a gida ɗaya, intanet na ta yankewa

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka ƙara rauta (na'urar raba intanet) ta biyu a ɗakin baƙi intanet ɗin gidan yake ta yankewa. Ina kyautata zaton duka biyun ne suke raba wa na'urori adireshi (lambar da ake gane kowace na'ura da ita) lokaci guda, wayoyinku kuma suna rikicewa.

Haɗa kwamfutarka da ta biyun kaɗai, ka shiga saitinta. Idan adireshin ta farko 192.168.1.1 ne, mayar da na ta biyun 192.168.1.2, amma ka tabbata ta farkon ba ta ba wata na'ura wannan lambar. Bayan nan sai ka kashe wa ta biyun DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi. Ka bi wannan jerin don Allah, in ka fara kashe DHCP kana iya rasa hanyar komawa saitin.

Wayar kebul da ta taso daga ta farko kuwa, ramin ta biyun da aka rubuta LAN za ka soka ta, ba wanda aka rubuta WAN ba. Nan ne mutane kan yi kuskure.

A zangon 2.4GHz, sa ɗaya a tasha 1, ɗayar a 6 ko 11, don kada su danne juna. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri ka yi musu iri ɗaya.