Tsakuwa ta tsaga min gilashin gaba, ya zan hana tsagar ƙaruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina bin bayan wata tifa a hanyar Zariya sai tsakuwa ta fallo ta bugi gilashin gaban motata, da fari ɗan tabo ne kamar ƙwayar gyaɗa, yanzu kuma ya fara jan layi kullum yana ƙara tsawo. Wani ya ce in ɗiga supa gulu. Don Allah mene ne mafita? Mai karatu daga Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Supa gulun nan don Allah kar ka soma, toshe bakin tsagar zai yi daga sama, ranar da ka kai wa mai gyara gam ɗinsa ba zai samu hanyar shiga ba. Farin salatif za ka samu ka manna ta waje bayan wurin ya bushe sarai, saboda ƙura da ruwa, kuma kar ka bari a daɗe ba ka kai gyara ba.

Gilashin gaba falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa yake tsagewa bai tarwatse ba. Abin da ke jan tsagar kuwa zafi da sanyi ne su haɗu farat ɗaya, mota ta wuni a rana gilashi ya yi zau sai ka shiga ka ƙure esi yana hura shi, ko yaran wankin mota su sheƙa masa ruwan sanyi, wallahi kana kallo layin zai tafi. Riƙa ajiye ta a inuwa, ka daina buga ƙofa da ƙarfi, ramuka kuma a bi su a hankali.

Wajen gyaran ka tsaya a kansa, don nan ne ake yawan ɓata gilashi. A bari ya huce a inuwa tukun. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan yi 'yar huda daidai ƙarshen tsagar, a fallen waje kawai, don ta tsaya nan, sannan ya riƙa tura gam ɗin kaɗan-kaɗan ba tare da danne gilashin ba, don matsi in ya yi yawa shi kansa yana buɗa tsagar. Sai ya cika ko'ina ake haska masa fitilar da ke daskarar da shi, in rana ta taɓa gam ɗin da wuri bushewa zai yi a rabin hanya.

Amma fa in layin ya kai bakin gilashi, ko ya ratsa daidai inda kake kallon titi, ko fallen ciki ma ya tsage, to Malam haƙura za ka yi ka sauya gilashin.